Ba a Hure Wutar da Ta Rako Amarya

Shekara tara ke nan da Allah ya karɓi maigidana, wanda mutanen Jambutu suka sani da Bappa Mai Fitila. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, haka aka rene mu, kuma tsufa ba ya kankare kunya. Ni ban yi boko ba, autata ce ke riƙe da biro, nawa faɗa ne kawai. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya, domin mutumin da zan ba ku labarinsa ba mai son kwalliya ba ne, sai dai a jikin fitilunsa.

Duk wanda ya girma a Jimeta ya san Goggo. Ba mutum ba ce, mota ce, baƙa, mai doro kamar tsohuwar da ta sha daka. Shi ya raɗa mata sunan, wai don ba ta tashi sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai ta yi ta mita har a isa. Ba a tayar da ita da makulli. Wani ƙarfe mai gwiwa ake zura mata a hanci a murɗa, a sake murɗawa, ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta yarda. Yara sukan taru su taya shi roƙonta, shi kuma yana cewa, "Haba Goggo, a gaban jikoki za ki kunyata ni?"

To amma ba motar ce abin kallo ba, fitilunta ne. Guda biyu ne na tagulla, kowace girman tulun ruwa ƙarami, da mariƙi a kai kamar na bokiti. Sun girmi motar nesa ba kusa ba. Ya gaje su daga ubangidansa, wani tsohon direba da ya yi aiki a bakin kogi zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina. Da wayoyin wutar Goggo suka ƙone, maimakon ya nemi sababbi sai ya ɗauko waɗannan daga ƙarƙashin gado, ya sa maƙeri ya yi musu mazauni a goshinta. Ba batir suke ci ba, ba kananzir ba. Dutse suke ci, wanda masu walda ke kira kabaid. A zuba dutsen a ƙasan fitila, a zuba ruwa a samanta, a ɗan buɗe famfo ruwan ya riƙa ɗiga a kan dutsen. Sai dutsen ya soma huci, wata iska mai warin tafarnuwa ta taso ta wani ɗan ƙaramin baki. A buɗe gilashi, a ƙyasta ashana, sai wuta ta kama, fara tas, madubin da ke bayanta ya tura ta gaba. Yakan ce, an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, shi bai dafa ba amma ya kunna shi, kuma da ruwa.

Wankin fitilun nawa ne. Da tsamiya da toka nake goge tagullar har in ga fuskata a ciki. Farar ƙasar da dutsen ke bari in ya ƙare, ita nake damawa in shafe bangon ɗakin girki. Shi kuwa da allura yake tsokace bakin wutar, yana lumshe ido ɗaya, yana yi mini tsiya. Alƙaliya yake kirana, wai tun da ya auro ni bai ga haƙorina ba sai in ina cin rake. Gaskiya ce, ni ba mai yawan dariya ba ce. A gidanmu na cikin Yola an koya mana mace ba ta ɗaga murya. Ko a biki, in mata suna guɗa, ni ina gefe ina kwasar tuwo.

Tuƙin dare da irin wannan fitila wani ilimi ne daban. Haskenta ba ya zuwa nesa, kamar jifan yaro ne, saboda haka dole a tafi a hankali. In mota ta faɗa rami, ruwa ya zubo da yawa, sai wutar ta yi tsalle kamar ta ji tsoro, sannan ta koma ta natsu. In tafiya ta yi nisa sai an tsaya an duba ruwa, an share ƙwarin da suka manne a gilashi. Idanun awaki da na muzurai sukan fara bayyana kafin jikinsu. Wanda ke tafe a ƙafa yana ganin motar, yana kuma ganin fuskar mai tuƙi, har su gaisa. Na taɓa ce masa wannan haske bai kai ko'ina ba. Ya ce, "Alƙaliya, fitila ba ta yi alkawarin nuna miki garin Garwa ba. Gabanki za ta nuna miki, in kin isa can ta ƙara miki."

Abu ɗaya ne ba ta iyawa, kuma ku riƙe shi, don shi ne gindin labarin. Ba a kashe ta da ɗan yatsa daga cikin mota kamar na yanzu. Ko an rufe famfon ruwa, dutsen da ya jiƙe sai ya gama hucinsa, kamar tukunyar da aka janye wa itace tana ci gaba da tafasa. Mai gaggawa sai ya sauka ya buɗe gilashi ya hure. Shi kuwa bai taɓa hurewa ba.

Yadda Goggo ta zama motar amare, ni ce mafari. Daren da aka kawo ni daga Yola, mahaifiyata ce ta ƙyasta ashanar a ƙofar gidanmu, don shi angon ya karya tsinke har uku bai kunna ba. Da muka iso wani abokinsa ya je zai hure, sai surukata ta daka masa tsawa, ta ce wutar da uwa ta kunna wa 'yarta ba a hure ta, a bar ta ta mutu don kanta. Shi ke nan, magana ta zauna. Daga ranar duk amaryar da za a kai a unguwarmu, uwarta ce za ta kunna, wutar ta raka ta har ta taka dokin ƙofar mijinta, sannan a rufe famfo a bar ta. Ba farilla ba ce, ba sunna ba, Modibbo, malamin unguwa, ma ya ce al'ada ce kawai, amma nasa 'ya'yan duk a Goggo aka kai su. Ita kuma Goggo ba ta tambayar addinin amarya. Ta kai 'yar liman, ta kai 'yar fasto. Motocin zamani suna biye da ita a baya, suna tafiyar hawainiya, samari suna ƙunƙuni, mata suna waƙa.

Yanzu in na zauna a ƙofar gida bayan isha'i nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga titin yau. Fitilun motoci sun zama kamar walƙiya, shuɗi-shuɗi, in ta haska ka sai ka tsaya ka dafa bango. Masu keke mai ƙafa uku sun jera ƙananan wutoci masu kiftawa ja da kore kamar kantin sayar da waya. An kafa dogayen fitilu masu cin rana a bakin hanya, waɗannan kam na san zai so su, zai tsaya ƙarƙashinsu ya cire hula yana leƙe, ya ce ashe bayan dutse har rana an koya wa aikin dare. Amma na motocin, na san abin da zai ce, don tun yana raye ya fara faɗa. Cewa yake yi kowa ya sayi hasken da zai gani shi kaɗai, na gabansa ya makance, sannan a yi mamakin karo.

Ana nan, kwanci tashi, sai shekarar tashin hankali ta zo, wadda mutane suka kwararo Yola da Jimeta daga garuruwan arewacin jihar nan, wasu a ƙafa, wasu ba ko takalmi. Kowane gida ya buɗe ƙofa. Mu ma muka kwashe tarkacen ɗakin zaure, Allah ya haɗa mu da Rifkatu. Malamar firamare ce, mace cikakkiya mai hankali. A gudun ta rabu da mahaifiyarta a kan duwatsu, ba ta san ko tana raye ba. Watanni tana gidanmu ba ta iya barci sai da takalminta a ƙarƙashin kai. In aka haska tocila a tsakar gida sai ta zabura. Dada take kirana, wato uwa, shi kuma Bappa.

A lokacin Goggo ta daina fita da dare. An sa dokar hana fita, an kafa shingayen sojoji a hanyoyi, kuma ƙa'ida ce in mota ta doso shinge da duhu ta kashe fitilun gaba, kowa ya zauna a inda yake har a zo a duba. Ba laifinsu ba ne, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma an sha zuwa musu da mugunta a bayan haske. Sai mutane suka koma kai amare da la'asar ko da rana tsaka, kamar masu kai haƙuri gidan mutuwa. Fitilun suka yi tsatsa kore, ni ma na daina gogewa.

Sai Allah ya kawo Yohanna, mai walda a Yolde Kohi, wanda a wurinsa Bappa ke sayen dutsen. Zuwa ɗaya ya yi gidanmu kawo saƙo, Rifkatu ta miƙa masa ruwa. Daga nan saƙonni suka yawaita, har Bappa ya ce masa, "Ɗana, dutsen da ka tara mini ya isa gina masallaci, ka fito fili ka faɗi abin da ke kawo ka." Aka sa rana. Da aka zo maganar kai amarya, Rifkatu ta ce a kai ta da rana a keke, ita da ba ta da uwar da za ta kunna mata wuta, me za ta yi da fitila. Ta faɗa tana murmushi, amma na ga inda maganar ta fito. Bappa ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Alƙaliya, a nemo tsamiya."

Ba wauta ya yi ba. Ranar bikin da hantsi ya taka har shingen da ke kan hanyar Yolde Kohi, ya gaishe da sojojin, ya yi musu bayanin fitilar da al'adar. Suka yi dariya, suka ce ya zo bayan magariba kafin doka ta fara, za su gane shi. Aka ɗaura aure a coci, aka ci aka sha a tsakar gidanmu. Da aka idar da magariba ya murɗa hancin Goggo, ta yi mitarta ta tashi. Ya buɗe famfo, ya buɗe gilashi, ya miƙo mini ashana a gaban mutane. Ni na kunna, duka biyun. Rifkatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Muka kama hanya, shi a gaba, ni da amarya a baya, kekuna biyu na mata suna biye. Mutanen Jambutu suka fito ƙofofin gidajensu. Sun daɗe ba su ga wannan farin hasken yana rarrafe a layi ba. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu biyu sama tana cewa ashe duniya ba ta ƙare ba.

Abin da ba mu sani ba, da yamma an canza sojojin shingen. Waɗanda ya yi wa bayani an tura su wani wuri, an kawo baƙi. Rashin sani ya fi dare duhu. Muna dosowa sai muka ji tsawa daga bayan buhunan yashi, a tsaya, a kashe wuta. Kekunan bayanmu nan take suka yi ɗif. Goggo ta tsaya, idanunta biyu a buɗe tar. Aka sake tsawa, a kashe wuta. Bappa ya taɓa ƙofa zai sauka ya yi bayani, sai muryar ta ce kada kowa ya fito, kada kowa ya motsa. Muka ji ƙarar ƙarfe, irin wadda ba sai an gaya maka ko ta mece ce ba.

To ga shi nan. An ce a kashe, kuma ba a iya kashe ta sai an sauka. An ce kada a sauka. Ya fitar da hannayensa biyu ta taga, ya ɗaga murya yana cewa biki ne, amma mitar Goggo ta danne muryar tsoho. Rifkatu ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shiga. Ta ce, "Bappa, a kashe kawai, ba komai, na yafe." Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "'Yata, ko ina so ba ni da hannun kashe ta daga nan. Kuma ba na so."

Ni dai na san ba Turancin da zan yi, ba kuma maganar da za ta kai can. Sai na tambayi zuciyata, wace murya ce mai mugun nufi ba ya zuwa da ita? Na saki hannun amarya, na leƙa da kaina ta taga, na kama hancina, na rangaɗa guɗa. Ni da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni. Ta fito a karkace, kamar ta zakaran da ke koyon cara, amma ta fito. Na sake. A ta biyun matan da ke cikin kekuna suka amsa, duhu ya cika da guɗa.

Can sai wani babba a cikin sojojin ya tako daga bayan buhunan a hankali, ta gefe, bindiga a hannu. Da ya matso sai ya tsaya, ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Ya ce da irin Hausarsu ta bariki, "Baba, kabaid ne wannan?" Bappa ya ce shi ne. Sojan ya sunkuya yana kallon 'yar wutar a cikin gilashi. Ya ce a ƙauyensu babansa maharbi ne, irinta yake ɗaurawa a goshi ya shiga daji, shi ke zuba masa ruwa yana yaro, rabonsa da jin warin nan tun rasuwar tsohon. Ya ƙwanƙwasa goshin Goggo ya ce, "Wannan mota ya girmi Najeriya?" Bappa ya ce, "Motar yayarta ce. Fitilun kuwa kakanninta ne, ka gaishe su."

Bai bar aikinsa ba. Ya duba bayan mota, ya buɗe tukwane, ya leƙa kekuna. Da ya gama Bappa ya gaya masa al'adar, ya gaya masa wacece amaryar da inda ta fito, ya ce in doka ta ce sai an hure, to shi ba zai iya ba, sai dai sojan ya hure da bakinsa. Mutumin ya koma gaban motar ya tsaya cikin hasken sosai, ya kalle mu, muna ganin fuskarsa yana ganin tamu. Ya ce, "An ce a kashe don kada ya kashe mana ido. Wannan ba ya kashe idon kowa." Ya juya ya ce a janye shinge. Sannan ya leƙo ya ce da ni, "Mama, ƙara ɗaya mana, yarana ba su ji da kyau ba." Na ƙara. Har da tafi.

Ba mu yi nisa ba Bappa ya fara. "Ashe akwai kakaki a gidana ban sani ba. Shekara da shekaru ina biyan maguɗa." Na ce ya kalli gabansa. Rifkatu ta fashe da dariya a cikin mayafi, dariyar da tun zuwanta ban ji irinta ba, ni ma ban san lokacin da tawa ta kuɓuce ba. Ya ce, "Yau an ga haƙorin Alƙaliya ba rake."

Wutar tana ci lokacin da Rifkatu ta taka dokin ƙofar Yohanna. Doka ta riga ta fara, ba halin komawa, sai muka kwana can. Da hayaniya ta lafa ya rufe famfo, muka zauna ni da shi a kan tabarma a gaban Goggo, muna kallon wutar tana ƙanƙancewa, daga yatsa ta koma ƙwayar gero, ta yi shuɗi, ta tafi. Ya ce haka yake roƙon Allah ya yi masa, a bar shi ya gama aikinsa ya lafa don kansa. Allah kuwa ya karɓa. Ya ƙara kai amare a bayan wannan, ya ga dawowar mahaifiyar Rifkatu, wadda ashe tana raye a Kamaru. Da ta ji labari ta ce ita fa ba ta yarda ba, an ci mata haƙƙin ashana, sai da ya zuba dutse da rana tsaka ta ƙyasta tata aka zauna lafiya. Bayan haka ya kwanta 'yan kwanaki, ba wahala, ya cika da asuba.

Goggo tana nan ƙarƙashin mangwaro, ƙafafunta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Wasu sun zo saye, wai kayan tarihi ne, na ce Goggo ba ta sayarwa ba ce, ba a sayar da dangi. Mai ita ba ya nan, motar ba ta tafiya, yawancin waɗanda suka san muryarsa sun bi shi. Ban ce ya bar gidaje ko gonaki ba. Abin da ya bari shi ne wannan: har yau in za a kai amarya a layinmu, sai an aiko neman fitila. Yohanna ke kawo dutse ya tsokace bakin da allura. Uwar amarya ta kunna. Rifkatu ce ke riƙe mariƙin ta tagar mota, tunda gwiwoyina sun ƙi, kuma ita ke tsawata wa direbobin zamani su rage gudu kada wutar ta firgita. Guɗa kuwa, an ce a unguwar nan ba wadda ta kai ni, ni dai ban ce ba.

Makon jiya aka kai wata amarya. Da suka dawo da fitilar da sauran ranta, na sa aka ɗora ta a mazauninta a goshin Goggo, na jawo kujera. Autata ta leƙo ta ce, "Dada, sauro ya yi yawa, bari in hure mu shiga." Na ce ta shiga abinta. Allah ya jiƙan mai ita, ya haskaka makwancinsa. Ni na zauna har sai da ta gama don kanta.